Ɗinkin Shekara Ɗaya

Jikokina da ke zaune a unguwar Shisha, nan Makka, sun ce abin da na shafe shekara arba'in da wani abu ina yi ba sana'a ba ce. Wai me ke cikin ɗinkin hema, wato tanti, in ban da ƙyalle da sanda da igiya? Wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ko maɓallin rigarsa ne ya tsinke sai ya kai wa uwarsa. Ba na jin haushinsu sosai. Sun buɗe ido ne sun ga tanti yana zuwa daga masana'anta a naɗe, a kafa shi bana, a jefar da shi baɗi. To bari in rubuta musu yadda muka yi tamu, in sun ga dama su nemi mai karanta musu, tunda Hausar ma sai da cokali ake ba su.

A goye na shigo Makka. Iyayena sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa, aka haife ni a hanya, cikin gonakin auduga na Sudan, kafin su ƙetaro teku. Suka sauka a unguwar Jarwal, inda Takari 'yan'uwanmu suka yi bukkoki da garwar kananzir da aka farke aka daddale. Ina da shekara goma sha biyu babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Mu'allim Hamza, mai rumfar ɗinkin hema a hanyar da ta nufi unguwar Zahir. Kakan Mu'allim Bakatsine ne, amma shi a nan aka haife shi, in ya fara faɗa da Hausa da Larabci yake ƙarasawa. Ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce da babana, yana kiransa baffa da Larabci, "Ya ammi, wannan ai hannun amarya ne. Bar mini shi, in ya yi kanta ma yi magana."

Shekara guda cur ban taɓa allura ba. Aikina murza igiya, feƙe turaku, da shafa wa zare kakin zuma. Sau uku ake jan zare a cikin kaki, har sai ya yi ƙara a tsakanin yatsu. In ka ja sau biyu ka ce uku, Mu'allim ba zai ce maka komai ba, sai dai ya tsinka zaren a gabanka da yatsa biyu ya miƙo maka. Bayan shekarar ya ba ni kayan aikina: basilla mai baki uku wadda ke huda ƙyalle ba ta yanka zarensa, da almakashi, da kaffi, wato fatar da ake ɗaurawa a tafin hannu mai ɗan ƙarfe a tsakiya don tura basilla. Ranar da na ga kaffi ya dame ni na cire, gindin basilla ya shige mini tafin hannu har ya kusa ɓullowa ta baya. Tabon yana nan, mai so ya zo ya gani.

Hemar farko da aka bar ni na yanka da kaina, ta wani muɗawwifi ce, irin mutanen da ke karɓar alhazai su kula da su har su gama aikin Hajji. Rufin hema ba falle ɗaya ba ne. Gutsattsari ne masu faɗin gindi da tsinin kai, ana jera su su haɗu a ƙololuwa, kuma dole kowanne ya bi tsayin saƙar. Ni kuwa na ga in na kwantar da biyu a karkace zan rage asarar ƙyalle, na ɗauka na yi dabarar da Mu'allim bai taɓa tunaninta ba. Da aka kafa aka ja igiya, gefe ɗaya ya miƙe, gefe ɗaya ya saki tumbi. Mu'allim bai dake ni ba. Sawa ya yi aka kafa ta a bakin hanya, ya ce in zauna a ciki daga hantsi har la'asar, duk wanda ya tambayi wa ya ɗinka in ce ni ne. Mutanen Jarwal kuwa ba su iya wucewa ba tambaya.

Yawancin aikinmu na alhazai ne, kuma abin da hemar alhaji take bukata kaɗan ne. Yini ɗaya a Arfa, 'yan kwanaki a Mina, shi ke nan a naɗe ta sai wata shekara. Maƙiyinta rana ce, ba ruwa ba. Saboda haka layi ɗaya muke yi mata, a ɗora baki kan baki a bi da basilla da sauri, shi muke kira ɗinkin Hajji. Wata uku kafin Hajji ba ma ɗaga kai. Muɗawwifai su zo suna rantsuwa alhazansu sun sauka Jidda alhali jirgin bai ko taso ba. Mu ma mu rantse musu saura kwana biyu alhali ba mu yanka ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

A Mina na fara haɗuwa da mutumin da ya sa nake wannan rubutu. Ina da kamar shekara goma sha shida, ina zagayawa da basilla da igiya ina gyara abin da iska ta ɓata, sai wani alhaji mai ƙasumba ya kira ni in ɗaure masa turke. Ina aiki yana riƙe da bangon hemar yana hasko shi da rana. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, gaya wa mu'alliminka wanda ya sayar masa da wannan ƙyalle ya yi masa rowar zare." Na kai saƙo ina jiran in ga faɗa, sai Mu'allim ya ce in je in kawo masa mutumin. Sunansa Abu Yusuf, masaƙi ne daga Majdal, wani gari kusa da teku a Falasɗinu, inda ya ce kusan kowane gida za ka ji ƙarar masaƙa. Bayan Hajji kwana uku ya yi yana zuwa rumfarmu. Shi ya koya mini ƙirga zaren saƙa da farce, da gane ƙyallen da aka cika wa koko don ya yi nauyi.

A lokacin ƙasarsu ba lafiya. Ingilishi, wato Turawan Ingila, ke mulki, Yahudawa suna ta shigowa ta teku, mutanen gari sun rufe kasuwanni wata da watanni. Mu'allim ya tambaye shi ina wannan abu zai tsaya. Ya yi murmushi ya ce, "Ya Mu'allim, ni ɗan kasuwa ne. Ban taɓa ganin rigimar da ba ta ƙare da zama a kan tabarma ba. Ingilishi baƙo ne, zai gaji ya tafi. Mu da za a bari ruwa ɗaya za mu sha, dole mu zauna mu daidaita." Da zai tafi ya bar wa Mu'allim turmi guda na saƙarsa mai ratsi.

Bayan haka da 'yan shekaru muka ga baƙar shekara. Babban yaƙin Turawa ya tsayar da jirage, alhazai suka ƙafe kamar rijiyar rani. Hemomin da muka ɗinka suna jibge a ɗakin ajiya ba mai tambaya. Ana cikin haka aka yi ruwan da ambaliyarsa ta bi kwarin Makka, ta shiga ɗakin har gwiwa. Kafin mu fitar mu shanya, na ƙasa sun ruɓe, na sama ɓeraye sun yi biki. Abin da ya tsira muka yayyanka muka ɗinka riguna, don ƙyalle ya yi wuya a gari, har za ka ga mutum a masallaci da rigar da ke da ramin igiya a kafaɗa. Mu'allim ya sallami ma'aikatansa duka, ni kaɗai ya bari, shi ma ina jin don ba ni da inda zan je ne.

Aiki ɗaya tak muka samu mai sunan aiki a wannan shekara. Wani dattijon ƙabila daga duwatsun bayan Ɗa'if ya aiko yana son hemar da zai zauna a ciki, inda ake ruwa da ƙanƙara. A kanta Mu'allim ya koya mini ɗinkin zama. Ba a ɗora baki kan baki. Kalmashe kowane baki ake yi ya shige cikin ɗan'uwansa, a bi da layi biyu, ɗinki a matse yadda ƙwayar gero ba za ta sami wurin zama a tsakani ba, sannan a goge layin da kaki mai ɗumi. A yi mata shafi daga ciki. A sa fata a duk inda igiya za ta ja. A bar mata leɓe a ƙasa wanda za a binne cikin rami kewaye, don kada ruwa ya shigo ta gindi. Kwana arba'in muka yi a kanta mu biyu. Mu'allim ya ce, "Idi, ɗinkin Hajji kowane jaki ya iya. Wannan shi ne sana'a. Allah ya sa ka sami wanda ya cancanci ka yi masa."

Yaƙin ya ƙare, alhazai suka dawo, Mu'allim ya tsufa, idonsa ya yi rauni, rumfa ta dawo hannuna yana zaune a gefe yana gyara mini kuskuren da ban yi ba. Sai labari ya zo cewa Ingilishi sun tafi daga Falasɗinu, an yi yaƙi, an kori mutane daga garuruwansu. Mun ji a masallaci, mun yi addu'a, mun koma kan basilla.

Shekara biyu bayan nan, ana gama Hajji, wani tsoho ya tsaya a bakin rumfa da wani magidanci a bayansa. Ban gane shi ba sai da ya kama bangon wata hema ya hasko shi da rana. Abu Yusuf ne, ƙasumbar ta yi fari, rigar ta yi masa yawa. Magidancin ɗansa ne Yusuf, wanda ya sami aikin 'yan watanni na gyaran motocin alhazai a Jidda, ya yi amfani da damar ya kawo uban. Iyalinsu kuwa, uwar Yusuf da matarsa da 'ya'ya uku, suna cikin tantin da masu agaji suka ba su a kan rairayi kusa da Gazza. Majdal tafiyar rabin yini ce daga nan, amma akwai waya da bindiga a tsakani. A ƙasarsu ruwa da sanyi tare suke zuwa, kuma saura wata biyu su zo. Yusuf ya ce a sanyin bara sau biyu tantin yana faɗuwa a kansu, ƙaramar 'yarsa tun daga lokacin take tari bai sake ta ba.

"Ya Mu'allim," in ji Yusuf, "za ku iya ɗinka hemar da ruwa ba ya shiga?"

Mu'allim ya nuna ni da haɓa. "Wannan ya iya. Halas, an gama. Wanda ya yi mini maganar kuɗi kuma ya fita mini daga rumfa."

Aka kawo shayi, uba da ɗa suka shiga gardamar da ko ba a gaya maka ba ka san sun saba yin ta. Tsohon ya ce manyan ƙasashe suna zama, an rubuta a takarda cewa kowa zai koma gidansa, abin da ya rage a daidaita ne kawai. Ya ce akwai Bayahuden da ya yi shekaru yana sayen saƙarsa, sun ci abinci a akushi ɗaya, irin waɗannan ba su ƙare ba.

"Yaba," in ji Yusuf, don haka suke kiran uba, "sulhu tsakanin mutum biyu ake yin sa, kowa yana tsoron asara. Wanda ya shiga gidanka ya kwanta a gadonka, me zai nema a wurinka da har zai zauna da kai?"

"Barci zai nema. Mai kwana a gidan wani ba ya barci."

"Shekara biyu ke nan yana barcinsa. Mu ne ba ma yi."

"Kai yaro ne. Kafin a sake girbin zaitun muna gida."

"Haka ka ce bara."

Tsohon ya juyo gare ni ya ce, "Ya waladi, kada ka wahalar da kanka. Ta sanyi ɗaya za ka yi mana." Na ce to. A raina na ɗauka kunya ce irin ta mutumin kirki wanda ba ya son ɗora wa mutane nauyi. Washegari suka tafi ziyara Madina, jirginsu kuma zai tashi daga Jidda bayan kwana ashirin.

Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Na zaɓi ƙyalle na ƙirga zarensa da farce yadda shi ya koya mini. Na roƙi masu rumfunan da ke kusa suka kama mini, don kwana arba'in ba ya shiga cikin goma sha biyar. Turmin saƙar Majdal da Mu'allim ya ɓoye shekara da shekaru, ko a baƙar shekara bai yarda an taɓa ba, shi ya fito da shi ya ce a yi shafi. Duk layin da wani ya ɗinka sai na bi shi da yatsa, wanda bai yi mini ba in warware. Abu Yusuf da ɗansa suna dawowa daga Madina na kafa ta a wani fili a Zahir, na sa su suka shiga ciki, na hau tsani aka riƙa miƙo mini garwar ruwa ina kwarara a kan rufin. Garwa goma sha biyu, ko ɗigo bai sauka ba. Yusuf ya fito yana dariya, karo na farko da na ga haƙoransa.

Tsohon bai fito ba. Na shiga na same shi yana shafa shafin, ya gane saƙarsa. Sannan ya bi layin ɗinki da babban yatsa, a hankali, daga sama har ƙasa. Ya ce, "Wannan shekara nawa za ta yi?"

Duk mai sayen hema wannan tambayar yake yi, kuma amsa ɗaya yake son ji. Muna kuma da al'ada a sana'armu, in za ka miƙa hema sai ka dafa sandar tsakiya ka yi wa mai ita addu'a, kalmomin ba sa canzawa. Ni kuwa kaina ya kumbura da garwa goma sha biyu. Na dafa sanda na ce, "Ya hajj, in an kiyaye ta daga gara, shekara ashirin ba abin da zai same ta. Allah ya sa ka tsufa a inuwarta, 'ya'yanka su gada, jikokinka su yi aure a cikinta."

Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na ga abin da na yi a fuskarsa. Ya dube ni ya daɗe, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Jikokina su yi aure a cikin hema?" Ya sa takalmansa ya fita. A bakin ƙofa ya ce da ɗansa, "Ba zan ɗauke ta ba. In ka ɗauko ta, ni ba zan shiga jirgin ba."

Yusuf ya bi shi yana magiya har suka ɓace, can sai ya dawo shi kaɗai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, ba laifinka ba ne. Gaskiya ka faɗa, ita ce ba ya son ji. Wallahi ashirin ɗin ma ina tsoron ta yi kaɗan." Ya ce ba zai iya barin uban a Jidda ba, ba zai kuma iya komawa ya dubi 'yarsa hannu rabbana ba. Saura kwana huɗu jirgi ya tashi. Da na gaya wa Mu'allim abin da ya faru, sai ya ce, "Mutum ya ce maka ta sanyi ɗaya, kai ka ji abin da kake son ji. Je ka gyara, ɗinkinka ne." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko ta zaman bakin hanya ba ta kai ta ba.

Da hantsi na je masaukinsu a unguwar Misfala. Na durƙusa na ce, "Ya ammi, ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina."

Ya ce, "Tashi, ya waladi. Aikinka ba shi da aibi, aibinsa ke nan." Ya sa na zauna kusa da shi. Ya ce masu agaji sun kawo musu dashen itatuwa don su sami inuwa, ba wanda ya dasa, saboda mai dasa itace ya yarda zai jira 'ya'yansa. Ya ce, "Ɗana yana gani kamar ban san abin da ke faruwa ba. Na sani. Amma sulhu yana bukatar wanda zai same shi a tsaye a bakin ƙofa. In duk muka zauna muka miƙe ƙafa, ranar da aka ce a zo a daidaita za a ce ai sun sami wuri. Ranar da na kafa hemar shekara ashirin, na sa hannu ke nan."

Ba ni da ilimin da zan yi gardama da shi. Abin da na sani kawai na faɗa. Na ce, "Ya ammi, yarinyar da ke tari fa? Ita ba ta san takarda ba, ruwa ta sani."

Na ɗauka na sake ɓarowa, sai ya ce, "Basillarka tana tare da kai?" Na ce tana rumfa. Ya ce mu je.

Hemar tana nan a kafe a Zahir. Ya zagaya ta sau biyu, Yusuf yana binsa a baya. Ya tsaya a layin da ke haɗa bango da bango a hannun dama na ƙofa, ya auna shi da hannunsa, kamu shida har da leɓen da ake binnewa da inda ya hau rufi. Ya ce, "Warware wannan. Ka mayar da shi ɗinkin Hajji, layi ɗaya, ba kaki."

Na ce, "Ya ammi, wannan ba zai wuce sanyi ɗaya ba zai buɗe."

"Na sani."

"Kafin ya buɗe ma zai yi yoyo."

"Nan zan shimfiɗa tabarmata. Yaran su kwanta can ciki." Ya dubi ɗansa. "In ya buɗe muna gida, alhamdu lillahi. In ya buɗe ba mu koma ba, in ɗinke shi na shekara ɗaya. Ba zan ba su ashirin a dunƙule ba. Ɗaya-ɗaya za su karɓa, kowacce kuma sai na ƙirga."

Yusuf ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan kuwa shi ya zaɓi wurin da kansa. Na zauna na warware layin da ya fi kowane layi kyau a hemar, don da hannuna na yi shi. Kakin ya riga ya kama, sai da na riƙa tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya da bakin almakashi. Na mayar da ɗinkin da ko ɗan koyo zai ji kunyar nunawa, tsohon yana tsaye a kaina yana cewa in ƙara buɗa tsakani. Aka naɗe ta, aka ɗora a motar Jidda, suka tafi da ita.

Shekara bakwai ban ji ɗuriyarsu ba. Mu'allim ya rasu a tsakanin. Kekunan ɗinki suka fara shigowa, na sayi ɗaya ina zaginta ina amfani da ita. Wata shekara bayan saukowa daga Mina, ina warware igiyoyi, na ji an yi sallama an ce, "Ya Mu'allim Idris." Yusuf ne, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na rungume shi, na aika a kawo shayi, na tambayi yarinyar kafin in tambayi kowa. Ya ce tarin ya tafi tun sanyin farko, yanzu ita ke karanta wa kakarta wasiƙa. Ya ce wani yaƙin ya sake bi ta kansu ya wuce. Masu agaji sun gina musu ɗakin bulo, iyali suka koma ciki, amma uban bai taɓa kwana a ciki ba. A ƙofar ɗakin aka kafa masa hemar, yana fuskantar arewa, inda Majdal take. Duk taron da aka ce za a yi sai ya aika a jiyo masa a rediyon mai shayi. Duk shekara in ruwa ya ɗauke sai ya zauna ya ɗinke layin nan, layi ɗaya. A kan tabarmarsa ya rasu, bara waccan.

Na yi masa ta'aziyya, muka yi wa tsohon addu'a. Na ce, "Hemar fa?"

"Tana nan a kafe. Ban da wurin nan, ba ta taɓa yoyo ba."

"To yanzu wa ke ɗinke shi?"

"Ni."

"Layi nawa kake yi masa?"

Ya dubi kofin shayinsa. "Ɗaya."

Na ce, "Kai da ka ce ba za a yi sulhu ba?"

"Har yanzu ban ga alamarsa ba, ya ahi. Da ka tambaye ni sai in ce ba za a yi ba ina raye. Amma shekarar da ya rasu na ɗauko kaki na narka, na zauna zan yi layi biyu in huta, hannuna ya ƙi." Ya ɗan yi dariya. "Bakin ƙyallen duk ya zama ramuka, sai na lalubi inda basilla ba ta taɓa shiga ba."

Da zai tafi ya ce yana son zaren rumfarmu, don da shi aka fara. Na shiga ciki na ɗauko masa ƙaton dunƙulen zare guda, irin wanda nake ɗinka hema uku da shi, na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya kama bakin zaren ya ja, ya auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa sau shida, daidai tsayin layin nan, ya ƙara ɗan abin ƙulli, ya riƙe wurin da farce.

Na ɗauko almakashi na yanke masa.